An hana ni PIP alhali ina da sikila, kuma abin da aka rubuta a kaina ba haka yake ba. Ta ina zan fara?

Maman Biyu, Manchesta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya fi ƙarfina.

Shekaruna 37, da sikila aka haife ni, SS. Shekara 11 ke nan ina Ingila kuma takardar zamana ta dindindin ce, don haka ba matsalar takarda ba ce. Shekara 3 da suka wuce likitocin ƙashi suka tabbatar mini cewa kan ƙashin cinyata ta hagu, inda yake shiga kwatangwalo, ya fara mutuwa saboda jini ba ya isa gare shi. Ana maganar tiyata a canza shi, amma suna so a ɗan ja lokaci. Kullum ina shan haidiroksiyuriya da folik asid da penisilin, ga mofin na ruwa a gida don ranar da ciwo ya tashi. Da sanda nake tafiya.

Nas ɗin da ke kula da mu masu sikila ce ta ce in nemi PIP, wato kuɗin tallafin da gwamnati ke ba masu naƙasa ko doguwar jinya a nan Ingila. Na yi ta jan ƙafa, don a raina kuɗin waɗanda ba sa iya tashi ne gaba ɗaya. A Oktoba dai na cika fom, maigidana ya taya ni. A Janairu aka kira ni tantancewa ido da ido. Ranar ana sanyin nan mai shiga ƙashi. Na sha mofin tun daga gida don in iya zaman mota, 'yata babba ta sa mini safa da takalmi, na ɗaura atamfata mai kyau da gogaggen hijabi, don ba zan fita gaban mutane a hargitse ba. Tasi ya ajiye ni a bakin ƙofa.

Matar da ta gan ni ba ta wulaƙanta ni ba, gaskiya ɗaya ce. Ta tambaye ni ya nake, na ce lafiya lau, da sauƙi. To me zan ce? Haka aka koya mana amsa gaisuwa. Ta ce ina girki? Na ce e. Ban gaya mata cewa sau 2 ko 3 ne a mako ba, kuma ba ni ke sauke tukunya ba tun ranar da ƙafar ta sage ruwan zafi ya zubo mini a hannu. Da ta zo kan wanka da bayan gida kunya ta rufe ni, na ce ina lallaɓawa. Cikin minti 40 muka gama.

Jiya wasiƙa ta iso. Maki 4 a ɓangaren hidimar yau da kullum, maki 4 a ɓangaren tafiya. Ko sisi babu. Ba rashin kuɗin ne ya sa ni kuka ba, dalilan da aka jera ne. Wai an ga na taka daga ɗakin jira zuwa ofis daidai ba alamar ciwo, alhali sau biyu na tsaya na dafa bango. Wai na zo tsaf-tsaf, ke nan ina iya wanka da sa kaya da kaina. Wai ina tuƙi kuma ina aikin awa 16 a mako, ke nan ina da ƙarfi. Aikin nan a kan kwamfuta nake yi daga gida, sau da yawa a kan gado. Wai ba na shan maganin ciwo mai ƙarfi, alhali takardar magungunana na miƙa mata hannu da hannu, mofin yana ciki. Kuma wai ciwon ba ya tashi akai-akai, ni da aka kwantar sau 2 a bara, ban da wanda nake jinya a gida don ba na son barin yara.

Don Allah waɗanda suka san hanya: ana iya ja da wannan hukunci? Zan rubuta musu ne in ce ƙarya aka yi mini? Ko in haƙura in sake cika sabon fom? Maigidana ya ce in bar wa Allah, amma zuciyata ta ƙi kwanciya.

'Yar Zazzau, Bamingham:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi ya sa kaffara ne. Ina karanta rubutunki kamar nawa labarin nake karantawa. Ni ciwon gaɓoɓi gare ni, maki 2 aka ba ni a karon farko, sai da na kai gaban kotu kafin aka ba ni.

Kafin komai, duba kwanan watan da ke saman wasiƙar. Wata 1 gare ki daga wannan ranar, ba daga ranar da ta shigo hannunki ba, ki nemi a sake duba hukuncin. Shi ne abin da za ki ji ana ce wa MR, kuma ba a zuwa kotu sai an bi ta nan. Gobe da safe ki kira lambar da ke jikin wasiƙar ki ce a aiko miki da cikakken rahoton mai tantancewar, sunansa PA4. Kyauta ne. Abin da kika gani a wasiƙa tsakure ne kawai, rahoton ne zai nuna miki abin da ta rubuta a kan kowace tambaya. Amma kada ki zauna jiran rahoto har wata ya cika. In kika ga lokaci na ƙurewa, ki aika da buƙatarki ki ce ƙarin bayani na nan tafe.

Ana iya neman MR ta waya, ni dai shawarata a rubuce. Akwai fom ɗinsa, CRMR1, ko ki rubuta wasiƙa da kanki. Ki sa sunanki da lambar inshorarki ta ƙasa a kan kowane shafi, ki ɗauki hoton komai, kuma a gidan waya ki karɓi shaidar aikawa, ba a biyan kuɗi a kanta.

Sannan daga yau ki samo littafi ki riƙa rubuta yadda kowace rana ta wuce. Wa ya taya ki shiga baho, minti nawa kika ɗauka kina sa kaya, sau nawa kika sha mofin, wa ya yi girki. Ni da na fara wannan sai na ga ashe ni kaina ban san yawan abin da mijina yake yi mini ba, saboda sabo.

Zan gaya miki gaskiya don kada gwiwarki ta yi sanyi daga baya: mutane da yawa MR ba ya canza musu komai. Nawa ya dawo da maki 2 ɗin nan dai. A kotu ne abin ya bambanta. Kada kalmar kotu ta tsorata ki, ɗaki ne da tebur, mutum 3 a zaune: alƙali, likita, da wani wanda ya san rayuwar masu naƙasa. Ba ma'aikatan ma'aikatar da ke biyan PIP ba ne, kuma ba a biyan kuɗin shigar da ƙara. Likitan ya yi mini tambayoyin da ba wanda ya taɓa yi mini, har yadda nake tashi daga kan masai. Na ji kunya, na sunkuyar da kai, amma na faɗa. Na nemi tafintan Hausa tun a fom, duk da ina jin Turanci, don na san in zuciyata ta karye Turancin guduwa yake yi. Su suka kawo shi. Ba sa yarda ɗan'uwa ya yi tafinta, amma mijina ya zauna kusa da ni kuma an ba shi dama ya yi magana a ƙarshe.

Batun bar wa Allah kuwa, ki gaya wa Baban Biyu cikin ladabi cewa neman haƙƙi ba ya kore tawakkali.

Ɗan Agaji, Landan:

Hajiya Maman Biyu, sannu. Allah ya ba da lafiya. Ina aikin sa kai a wata cibiyar ba da shawara kan harkar tallafi, irin wasiƙarki ta sha zuwa gabana. Abin da 'Yar Zazzau ta faɗa daidai ne, zan ɗora a kan tambayarki ta biyu.

Kada ki gina wasiƙarki a kan cewa an yi miki ƙarya. Na san zafin da kike ji, amma ko kin tabbatar rahoton ya ɓaci daga farko har ƙarshe, wannan kaɗai ba ya ba ki maki. Ki ɗauki kurakuran da takarda za ta iya ƙaryatawa, kamar batun mofin da kwanciyar asibiti, ki ce rahoto ya ce kaza, ga takardar magani, ga takardar sallama daga asibiti. Layi biyu ya isa kowanne. Sauran ƙarfinki ki zuba shi a kan maki.

PIP ba ya duba sunan ciwo, yana duba ayyuka 12: 10 na hidimar yau da kullum, 2 na zirga-zirga. A kowane ɓangare maki 8 ke ba da matakin ƙasa, 12 ke ba da na sama. Kowane aiki yana da jerin bayanai da makinsu, ɗaya kawai ake ɗauka, ba a tara biyu.

Ga wurin da yawancin mutanenmu suke faɗuwa. Dokar PIP ta 2013, sashe na 4, ta ce ba za a ce mutum yana iya aiki ba sai in yana yin sa ba tare da haɗari ba, yana yin sa yadda ya kamata, yana iya maimaita shi duk lokacin da ake buƙata, kuma cikin lokacin da bai wuce ninki biyu na mai lafiya ba. In ɗaya ya faɗi a cikin huɗun nan, a idon doka ba kya iyawa. Sashe na 7 kuma ya ce ana duba halin da kike ciki a fiye da rabin kwanaki. Wannan yana da muhimmanci ga mai sikila. In kika tsaya a kan ranakun da ciwo ya tashi kawai, za a ce ba su kai rabin shekara ba. Ki nuna musu cewa kwatangwalon kullum yana nan, gajiyar ƙarancin jini kullum tana nan, sannan ga kwanakin farfaɗowa bayan kowane tashin ciwo.

Bari mu gwada da abin da kika rubuta. Maki 4 ɗinki ina zaton 2 na girki ne 2 na wanka, wato an yarda kina buƙatar kayan taimako kamar kujera. Amma mai buƙatar wani ya taya shi ko ya tsaya a kansa wajen girki maki 4 ne, kuma ƙonewar da kika yi ita ce hujjarki a kan haɗari. Ki rubuta ta da watan da ta faru. Sai dai ki lura, girkin da doka take nufi abinci ne mai sauƙi na mutum ɗaya daga ɗanyen kaya, ba tuƙa tuwon gida guda ba. In kika ce ba kya iya tuƙa tuwo za a ce ba shi aka tambaya ba. Ki yi maganar feraye, yanka, tsayuwa gaban murhu, tace ruwan zafi. Wanka: mai buƙatar a kama shi ya shiga ko ya fita daga baho ko shawa maki 3 ne. Sa kaya: mai buƙatar taimako daga ƙugu zuwa ƙasa maki 2 ne, kuma da bakinki kika ce 'yarki ce ta sa miki safa da takalmi. Bayan gida: in sai da abin dafawa ko abin ƙara tsawon masai kike iya zama da tashi, maki 2 ne. In duk haka rayuwarki take a yawancin kwanaki, 11 ke nan. In ba haka take ba kada ki rubuta, don a kotu za a bi ki tambaya bayan tambaya.

A tafiya, maki 4 na nufin an ce kina iya fiye da mita 50 amma ba ki wuce 200 ba. Mai tafiya da sanda wanda iyakarsa tsakanin mita 20 da 50 maki 10 ne, wanda bai wuce mita 20 ba 12. Kada ki yi ƙiyasi da ka. Ki sa Alhaji ya auna daga ƙofarku zuwa inda kike fara tsayawa, ki duba agogo, ki rubuta ko za ki iya sake yin tafiyar bayan ɗan lokaci. Ki kuma rubuta cewa takun da aka gani a ofis da mofin a jikinki kika yi shi, da abin da ya biyo baya da kika koma gida.

Aiki ba ya hana PIP, ba a duba albashi ko ajiya. Ki dai bayyana irin aikin da inda kike yin sa. Motar ma ki faɗa in mai canza giya da kanta ce, tunda ƙafar hagu ce mai ciwon.

Shara, wanki, cefane da hidimar yara ba su da maki, kada ki cika shafi da su. Sallah a zaune da wahalar wanke ƙafa a alwala ma ba su da maki a karan kansu, amma ni ina sa mutane su ambace su, don suna nuna ba kya iya sunkuyawa, wanda shi ne tushen maganar safa da wanka.

In za ki samu, ki je ƙungiyar ba da shawara ta Citizens Advice ko wata cibiyar lauyoyin unguwa su duba wasiƙar kafin ki aika. Layinsu yana da tsawo, ki kira tun yanzu.

Kawun Yara:

'Yata, sannu da jiki. Ni dai abin da na gani a wurin wani maƙwabcina, ya fi shekara yana jiran kotu, damuwa ta ƙara masa ciwo. Kuma na ji an ce in ka ja da su suna iya ƙwace wanda suka ba ka. Me zai hana ki bari a kwana biyu ki cika sabon fom, wannan karon ki faɗi komai? Mai sikila ba a son ta da tashin hankali.

Ɗan Agaji, Landan:

Kawu, Allah ya ƙara girma. Maganarka a kan jira gaskiya ce, watanni ake yi, wani wurin har shekara, kuma damuwa tana tayar da sikila. Batun ƙwacewa ma yana da tushe: in aka sake buɗe hukunci ana duba shi ne gaba ɗaya, yana iya hawa yana iya sauka. Amma wannan abin tsoro ne ga wanda aka ba wani abu yake neman ƙari. Hajiya ba a ba ta komai ba, babu abin da za a karɓe.

Sabon fom kuwa yana da tsada. In ta yi nasara a MR ko a kotu, za a biya ta tun daga ranar da ta fara nema a Oktoba. In ta bar wannan ta sake sabo, duk watannin nan sun tafi, kuma tantancewa za ta sake shiga.

Hajiya, in MR ya dawo ba canji, wata 1 gare ki daga kwanan watan takardar ki ɗaukaka ƙara, ta intanet ko da fom SSCS1. Ki zaɓi a saurare ki da bakinki, ko a ɗaki ko ta bidiyo ko ta waya, kada ki zaɓi a duba takardu kawai. Alƙaluman da gwamnati ke fitarwa sun daɗe suna nuna fiye da rabin ƙarar PIP da aka saurara mai ƙara ne ke nasara. Abu biyu ki riƙe. Kotu tana duba halin da kike ciki ne a ranar da aka yanke hukuncin farko, don haka duk takardar likita da za ki kawo ta yi magana a kan wancan lokacin. Sannan wani lokaci bayan an shigar da ƙara ana kiran mutum a waya a yi masa tayin wani mataki. Ba dole ki amsa nan take ba, ki ce za ki yi shawara. Ko kin karɓa, kina da damar ɗaukaka ƙara a kan sabon hukuncin in kina ganin bai kai ba.

Maman Biyu, Manchesta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Kawu, na gode da tausayawa, na san don ni ka faɗa.

Na kira washegari, rahoton kuma ya iso. Na karanta shi sau biyu, na farko da kuka, na biyu da biro. Gaisuwar da na amsa tana ciki, an rubuta cewa na ce ina lafiya. Inda na ce ina lallaɓawa an rubuta ina yi da kaina ba taimako. A jerin magunguna babu mofin kwata-kwata, daga nan ne maganar rashin maganin ciwo mai ƙarfi ta samo asali. Na shiga manhajar hukumar lafiya ta NHS na ciro jerin magungunana da ranakun da aka rubuta mini shi, na haɗa da takardun sallama biyu na bara. Nas ɗinmu ta ce za ta rubuta wasiƙa, na roƙe ta kada ta tsaya a sunan ciwo, ta faɗi abin da ta sani game da tafiyata da tsayuwata.

Baban Biyu ya sauko. Shi ya auna tafiyar da kansa: daga ƙofarmu zuwa inda nake fara tsayawa mita 32 ne, da sanda, kuma dawowa sai da na zauna a kan katangar maƙwabta. Da na ce masa sai ya rubuta abin da yake yi mini a banɗaki ya yi shiru ya daɗe, ya ce wannan sirrinmu ne. Na ce ni ma haka na ɗauka, shi ya sa na yi shiru a gaban matar. Daren jiya ya zauna ya rubuta shafi ɗaya da rabi. Ban san yana tashi ya tsaya a bakin ƙofa duk lokacin da na shiga bayi da dare ba sai da na karanta.

Saura kwana 17 wata ya cika. Na gama girki da wanka da sa kaya, gobe zan rubuta na bayan gida da na tafiya in sha Allah. Malam Ɗan Agaji, tambaya ɗaya ta rage: 'yata shekarunta 14, ita ke sa mini safa kusan kullum kafin ta tafi makaranta. Ya dace ita ma ta rubuta nata, ko in bar ta a cikin bayanin mahaifinta? Ba na son in ɗora mata abin da ya fi wanda take ɗauke da shi.